Yawon keke da kwanan tanti a tsaunukan Kirgistan: tambayoyi da amsoshi

Kirgistan ƙasa ce a tsakiyar nahiyar Asiya, tsakanin Sin, Kazakistan, Uzbekistan da Tajikistan. Ba ta da gaɓar teku, kuma kusan duk faɗinta duwatsu ne. Duk shekara idan ƙanƙara ta narke, makiyayanta kan kora dabbobinsu su haye tsaunuka su kafa bukkoki, kuma a wannan lokacin ne masu yawon keke ke bin sawunsu. Ga tambayoyin da aka fi yi game da irin wannan tafiya.

Wace irin tafiya ce wannan?

Ayari ne ƙarami na masu keke, da jagora ɗan ƙasa a gaba, da mota mai hawa dutse a baya ɗauke da tantuna, abinci, tukwane da jakunkuna. Galibi akwai mai dafa abinci, wani lokaci da makanikin keke. Kai abin da ke jikinka ruwa ne da rigar sanyi da ɗan abin taɓawa. Ana tashi da hantsi, a yi ta tuƙi har la'asar, a kafa tanti a bakin rafi ko a sauka wurin makiyaya. Yawanci tafiyar kan ɗauki mako guda zuwa biyu.

Ba tsere ba ne. Akwai tsere a ƙasar, Silk Road Mountain Race, wanda aka fara a 2018, inda mutum ke tuƙa kilomita 1,700 ko fiye shi kaɗai ba mai taimaka masa. Wannan na wasu mutane ne daban, kuma ba su muke magana a kai ba.

Ina ake bi?

Ana sauka a filin jirgin Manas da ke Bishkek, babban birnin ƙasar. Daga nan mota za ta kai ku Kochkor, tafiyar kamar awa uku, garin da akasarin ayarin ke ɗaura sirdi. Inda kowa ke hari shi ne tafkin Son-Kul a jihar Narin, wanda ke mita 3,016 sama da teku, tsawonsa kilomita 29, faɗinsa 18, kewaye da fili mai ciyawa wanda ko itace ɗaya babu a cikinsa.

Ba a isa tafkin sai an haye mashigin dutse. Daga ɓangaren Kochkor akwai Kalmak-Ashuu, mita 3,400 da 'yan kai. Wajen fita zuwa Narin akwai gangaren Teskey-Torpok, mai lanƙwasa 33 a jere, inda za ka riƙe birki har yatsunka su sage. Masu ƙarin kwanaki kan miƙa kudu zuwa Tash-Rabat, wani tsohon masaukin fatake na dutse da ake dangantawa da ƙarni na 15, a kan hanyar da ke fita zuwa Sin ta mashigin Torugart. Wasu kuma kan karkata gabas su haye Tosor, kusan mita 3,900, su gangara zuwa Isik-Kul, babban tafkin da ba ya daskarewa ko a tsakiyar hunturu.

Akwai kuma Kegeti, mashigin da ke kusan mita 3,800, wanda masu shirya tafiya ke son saka hotonsa a talla. In ka gan shi a jadawalin kwana na biyu ko na uku, ka nemi wani jadawalin. Dalilin yana nan tafe.

Wane wata ya fi?

Daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba. Kafin nan mashigan na toshe da dusar ƙanƙara, bayan nan kuma makiyaya sun fara naɗe bukkoki, domin makarantu na buɗewa ranar 1 ga Satumba kuma sanyi ya kunno kai. Yuli ya fi ciyawa da furanni, amma rafuka sun fi cika. Agusta ya fi bushewa. Ni dai Agusta nake zaɓa wa wanda bai taɓa zuwa ba.

Kada kalmar bazara ta ruɗe ka. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da digiri 6 ko fiye, don haka ranar da ake gumi a Bishkek, a Son-Kul ruwan da ka bari a buta zai iya kwana ya daskare. Dusar ƙanƙara kan sauka a can ko a Yuli.

Me tsayin wurin ke yi wa jiki?

Nan ne ainihin wahalar tafiyar. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba, Jos tana wajen 1,200, kuma Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ke nan inda za ka shimfiɗa ka kwanta a Son-Kul ya ɗara ƙololuwar Najeriya da mita 600. A mita 3,000, duk numfashi ɗaya yana kawo maka kusan kashi 70 cikin 100 ne na iskar da ka saba samu a bakin teku. Hawan da za ka yi kana hira a gida, a can sai ka tsaya sau uku kana haki.

Ciwon tsauni kan fara ne daga wajen mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, abinci ya fita daga rai. Ba ruwansa da ƙarfinka. Sau da yawa ma samari majiya ƙarfi ne yake kayarwa, saboda su ne ke gaggawa. Ƙa'idar da likitoci suka sani ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa saka ranar hutu bayan kowane kwana uku ko huɗu. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Jadawali mai kyau zai kwanar da ku a Bishkek, mita 800, sannan Kochkor, mita 1,800, kafin a doshi tafkin.

In ciwon kai ya ƙi jin magani, ko mutum ya fara tangaɗi, ko yana haki alhali yana zaune, ko tari ya taso da kumfa, maganin ɗaya ne: a sauko da shi ƙasa a wannan daren, ba a jira gari ya waye ba. Akwai ƙwayar Diamox da ake sha don rigakafi, amma likita ne zai rubuta maka.

Sai abin da takardun talla na Turawa ba kasafai suke ambata ba, alhali mu ya fi shafa: sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS, kuma da yawa ba su taɓa jin komai a jikinsu ba. Amma ƙarancin iska, aikin ƙarfi, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki, in suka haɗu, suna iya toshe jini a saifar mai AS. Alamarsa ciwo mai tsanani ne a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ka san ko jininka AA ne, AS ko SS kafin ka biya ko sisi, ka zauna da likita, ka kuma gaya wa jagora. Mai SS kuwa, wannan ba tafiyarsa ba ce.

Sai wanda ya ƙware a keke?

Ba sai gwani ba, amma sai mai juriya. Akasarin hanyar burji ce da turbar dabbobi, ba tsalle-tsalle a kan duwatsu ba. Galibi ana yin kilomita 30 zuwa 60 a yini, da hawa mai tsawo wanda kan ci awa biyu ko uku ba sassauci. In za ka iya yin awa biyar a kan sirdi yau, gobe ka sake, jibi ka sake, ka isa. Ka ba kanka wata uku kana horo, kuma ka nemi tudu da hanya mai tsakuwa, domin kwalta shimfiɗaɗɗiya ba za ta koya maka komai ba. Gangara ma sai an koya: nauyi a baya, birki biyu tare, ido a nesa.

Tura keke ba abin kunya ba ne. Kowa na turawa a kusa da ƙololuwa.

In zo da kekena ko in yi haya?

A Bishkek ana samun hayar keken hawan dutse, kuma ya fi sauƙi da jigilar naka a kwali ta jirgi biyu. Ka tambayi shekarun keken, ka tabbatar birkinsa na faifai ne, tayoyinsa masu faɗi, giyarsa kuma tana da mai laushi sosai don hawa. Ka zo da sirdinka da ka saba da shi, da hular kwano, da safar hannu, da wandon keke mai soso. Kayan faci, famfo da takalmin birki na canji su kasance a jikinka, ba a mota ba, don motar kan yi nisa da ku a wasu wurare.

Su wane ne makiyayan da za mu tarar?

Kirgizawa ne, kuma kiwo shi ne tushensu. Da can yawo suke yi shekara cikakkiya. Gwamnatin Sobiyet ce ta zaunar da su a ƙauyuka a shekarun 1930, ta haɗe dabbobinsu a gonakin gwamnati. Bayan 'yancin kai a 1991 aka rushe gonakin aka raba dabbobin, mutane suka koma kiwon kansu. Yau iyalin da za ka gani a tsauni suna da gidan bulo a ƙauye inda suke hunturu, 'ya'yansu na makaranta, wataƙila ɗaya na aiki a Mosko yana aiko da kuɗi. Wata uku ko huɗu kawai suke yi a makiyayar bazara, wadda suke kira jailoo.

Garken da ke gaban mutum ba duka nasa ba ne. Maƙwabta a ƙauye kan damƙa masa tumakinsu da shanunsu, su biya shi bisa kowane kai, kamar dai yadda mutanen gari ke ba Bafulatani shanunsu ya tafi da su mashekari. In kyarkeci ya ɗauke tunkiya, shi zai yi bayani. A 2009 doka ta danƙa kula da wuraren kiwo a hannun kwamitocin masu kiwo na kowane yanki. Filin da kake gani kamar ba mai shi, kowane kwari an san na wane ne.

Wannan ne abin da nake so mai tafiya ya riƙe. Wurin aikin mutane ne kake ratsawa. Matar da ta ba ka shayi ta tashi tun asuba ta tatsi shanu, kuma duk bayan kamar awa biyu sai ta ɗauki bokiti ta tafi tatsar goɗiyoyi. Za ka ga 'ya'yan dawakin a ɗaure jere a wata doguwar igiya kusa da ƙasa. Ana kawo ɗan ya fara tsotso, nono ya sauko, a janye shi, ita kuma ta durƙusa a gwiwa ɗaya ta zagaya hannu ta bayan ƙafar goɗiyar ta tatsa. In ka kutso da keke a guje ta tsakiyarsu, ka ɓata mata aikin rabin yini. A rage gudu tun daga nesa, a zagaye garke, kada a raba shi biyu.

A ina ake kwana?

Wasu darare a tanti, wasu a bukkar makiyaya, wadda suke kira boz uy. Zagayayyen ɗaki ne na sassaƙaƙƙen itace da ake naɗewa, an lulluɓe shi da dankararren gashin tumaki. A tsakiyar rufin akwai da'irar itace, tunduk, inda haske ke shiga hayaƙi ke fita, kuma ita ce zanen da ke tsakiyar tutar ƙasar. UNESCO ta saka sana'ar ƙera wannan bukka cikin gadon al'adun duniya a 2014. Ƙasa an shimfiɗa shirdak, darduman ulu masu zane, da dare kuma a jero katifu da barguna masu nauyi. Murhun ƙarfe ne a ciki, makamashinsa busasshen kashin dabbobi, tunda babu itace. Yana ɗumama ɗaki nan da nan, ya kuma mutu da tsakar dare, sai sanyi ya tashe ka wajen ƙarfe uku.

A tanti, jakar barcinka ita ce rayuwarka. Ka nemi wadda aka yi don digiri 5 zuwa 10 ƙasa da sifili, da tabarmar soso mai kauri, domin sanyin daga ƙasa yake shigowa. Ka kwanta da hula da busasshiyar safa.

Bayan gida masai ne na rami a sansanonin makiyaya. A daji kuwa, nesa da ruwa, a haƙa a rufe. Wanka sai an sauko gari, ko in an yi sa'ar sansani mai ɗakin wankan tururi.

Akwai ladabin shiga bukka?

Akwai. A yi sallama, kuma sallamar tamu ce, "Salam aleikum". A cire takalmi, kada a taka dokin ƙofa. Wurin da ke fuskantar ƙofa daga ciki shi ne mazaunin girma, na dattijo ko babban baƙo, don haka ka jira a nuna maka inda za ka zauna. Kada ka miƙe ƙafa wajen shimfiɗar abinci, kada ka tsallake ta. Burodi abin girmamawa ne: ba a kife shi, ba a jefar da shi. Ko sauri kake, al'ada ita ce ka gutsuri burodi ka kai baki kafin ka wuce. Shayi kuma rabin kofi za a riƙa zuba maka ana ƙarawa. In ya ishe ka, ka rufe bakin kofin da tafin hannu ka ce "rahmat". Bayan an gama ci za a ɗaga hannu a shafa fuska a ce amin, wanda ba sai an koya maka ba.

Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, musamman na mata.

Abincin halal ne?

Mafi yawan Kirgizawa Musulmi ne 'yan mazhabar Hanafiyya, kuma naman da za ka ci a tsauni na tunkiyar da suka yanka da hannunsu ne bayan addu'a. Abincin ba shi da yawan kala: burodi, maiƙon saman madara, soyayyen ƙullin fulawa da ake kira boorsok, taliyar hannu da romo, dafa-dukar shinkafa da karas da nama, soyayyen nama da dankali. Yaji babu. Wanda ba ya iya cin abinci sai da barkono ya ƙullo nasa daga gida, ba wanda zai ji haushi.

Abu biyu ne ke buƙatar ka yanke shawara tun kana gida. Na farko naman doki. A wurinsu nama ne mai daraja, na biki da karramawa, musamman tsiran hanjin da suke kira chuchuk. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta shi, Imam Abu Hanifa ya karhanta, manyan almajiransa biyu suka halatta, amma a Malikiyya da akasarinmu ke bi, mashahurin zance hani ne. Ka gaya wa jagora tun ranar farko, shi zai san yadda zai faɗa wa masu gida ba tare da an ji kunya ba.

Na biyu kimiz, nonon goɗiya da aka zuba a salka ko ganga aka yi ta bugawa har ya yi tsami. Shi ne abin alfaharin jailoo, kuma shi za a fara miƙo maka. Yana da ɗanɗanon hayaƙi da tsami mai kama harshe, kuma tsimuwar da ya yi tana haifar da 'yar barasa a ciki, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wani ya fi haka in ya kwana biyu. Mutanen wurin da yawa, har da masu sallah, ba sa ɗaukarsa abin maye. Kai ka san matsayarka. In ba za ka sha ba, ka karɓi kwanon da hannu biyu, ka yi godiya, ka ajiye, ka ɗauki burodi. Ko wanda ya ga ba laifi ya yi hankali, domin yana sakin cikin wanda bai saba ba, kuma gudawa a kan keke a mita 3,000 ba abin wasa ba ce.

Ruwan rafi fa? Ga shi garau.

Garau ne a ido. Sama da inda kake tsaye akwai tumaki dubu. A tafasa ko a tace, ko a saka ƙwayar tsarkake ruwa. Haka ɗanyar madara: cutar bakkale, wadda ke kama mutum ta madarar da ba a dafa ba, sananniya ce a ƙasar. Ka riƙa shan ruwa ko ba ka jin ƙishi, don busasshiyar iskar tsauni na zuƙe jiki a ɓoye.

Yaya sallah take a hanya?

Matafiyi ne kai, rangwamen ƙasaru da haɗa salloli na nan. Alƙibla kudu maso yamma take. Yinin bazara a can dogo ne, a Yuli alfijir na ketowa kafin ƙarfe 4, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan 8 na dare, don haka ka saukar da jadawalin lokutan a wayarka tun a Bishkek. Alwalar asuba ce jarrabawa. Dabarar ita ce ka roƙi mai dafa abinci ya cika maka gorar ƙarfe da ruwan zafi da dare, ka saka ta cikin jakar barci: ta ɗumama maka ƙafa, da asuba kuma ka sami ruwa mai ɗumi. Hukuncin shafa a kan huffi da na taimama, ka yi bitarsu da malaminka kafin ka taso. Masallatai akwai a Kochkor, Narin da kusan kowane babban ƙauye.

Karnuka da namun daji?

Kyarkeci da damisar ƙanƙara suna nan, amma da wuya ka gan su. Abin da za ka gani kullum shi ne gaggafa a sama, shanun yak masu dogon gashi, da wasu ƙattin beraye masu ƙiba da ke tsayawa a bakin rami suna fito.

Karnukan makiyaya su ne abin lura. Kare na bin abin da ke gudu, kuma ba za ka tsere masa a hawa ba. Ka tsaya, ka sauka, ka sa keken tsakaninka da shi, ka yi masa tsawa, ka jira yaron gidan ya fito. In ya cije ka, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a nufi asibiti a ranar don allurar haukan kare. Yin allurar rigakafin tun a gida ya fi.

Rafuka da hadari?

Rafukan daga narkewar ƙanƙara suke, don haka da safe suna ƙasa, da la'asar sun cika sun yi ƙarfi. Jagora mai hankali da safe yake ƙetarar da mutane. Hadari kuma ya fi tasowa bayan azahar, kuma a fili marar itace kai da kekenka ne abu mafi tsawo. Shi ya sa ake son a haye mashigi kafin rana ta take. Rigar ruwa ba ta barin jakar bayanka ko da sama tana wasai. Ranar tsauni tana ƙona fata, har baƙar fata, tana kuma fasa leɓe, don haka a zo da man kariya da tabarau.

Mace za ta iya zuwa?

Ƙwarai, mata na yin wannan tafiya da yawa. Za ki iya neman tanti ke kaɗai ko ke da wata, kuma ki tambaya tun da wuri yadda ake raba kwana a bukka, domin a wasu sansanonin maza da mata ɗaki ɗaya ake haɗawa in ba a yi magana ba. Ɗankwali ko ƙaramin hijabi na shiga ƙarƙashin hular kwano lafiya lau, kuma matan aure a karkarar can su ma da ɗankwali suke yini. Doguwar riga mai baza ce kawai ba ta jituwa da sarƙar keke. Riga zuwa gwiwa da wando mai kauri sun wadatar.

Yaya suke karɓar baƙar fata? Ƙasar lafiya?

A tsauni za a kalle ka, yara za su biyo ka a kan doki, za a nemi hoto da kai har ka gaji. Yawanci mamaki ne, kuma da ka yi sallama aka gane Musulmi ne kai, sai hira ta canza. A birni a yi taka-tsantsan irin na kowane birni, musamman da dare. A Mayun 2024 an kai wa ɗalibai 'yan ƙasashen waje hari a masaukansu a Bishkek. Rikicin iyaka da Tajikistan na 2021 da 2022 a yankin Batken ya faru, can kudu maso yamma, nesa da Narin, kuma ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniyar iyaka a Maris 2025.

Akwai sabis na waya? Kuɗi fa?

A garuruwa akwai, a tsauni sai dai a wani tudu da makiyaya suka sani, inda za ka ga mutum a kan doki ya ɗaga waya sama. Ka gaya wa iyalinka za su yi kwanaki ba su ji ka ba, kuma agogon can yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 5. Ka zo da batirin caji babba, ka kwana da shi a jakar barci don sanyi na cinye shi. Kuɗinsu som ne. Ka canza a Bishkek, ka nemi ƙananan takardu, domin babu mai canji a jailoo. Dalolin da za ka zo da su su kasance sababbi, marasa yagewa.

Biza da jirgi?

Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar biza, kuma kamfanin da ke shirya tafiyar ne ya kamata ya taimaka da takardar gayyata. A fara da wuri. Jirgi sai an canza, galibi a Istanbul ko Dubai. Wuraren da ke dab da iyakar Sin, irin su tafkin Chatir-Kul, suna buƙatar takardar izini ta daban, wadda ake nema da hoton fasfo kwanaki kafin a isa.

Ba zan iya yi ni kaɗai ba, ba jagora?

Mutane na yi, amma sai ka ɗauki tanti, murhu da abincin kwanaki a kan keken, ka kuma iya ɗan Kirgizanci ko Rashanci, don Turanci ba ya aiki a tsauni. Jagora ya san rafin da gadarsa ta karye bana, ya san iyalin da ke karɓar baƙi da wanda ba ya so, ya kuma san fuskar mutumin da ciwon tsauni ya fara kamawa tun shi bai sani ba. Kafin ka biya, ka yi tambaya huɗu: yana da horon taimakon gaggawa? Akwai wayar tauraron ɗan'adam? Motar na bin ayarin kowace rana, ko akwai ranakun da hanya ba ta ɗaukarta? Kuma nawa ne ke shiga hannun iyalan da ake sauka wurinsu?

Me ya sa tambayar ƙarshe?

Domin karamcin Kirgizawa yana da sauƙin ci da zalunci. Al'adarsu ba ta yarda baƙo ya wuce bai ci komai ba, kuma ayarin mutum goma zai iya cinye burodi da sukarin mako guda a zama ɗaya, alhali kanti na nesa da tafiyar yini. Tun shekarar 2000 aka fara wani tsari a Kochkor, da tallafin ƙungiyar Helvetas ta Suwizalan, wanda ake kira CBT, inda iyalai ke karɓar baƙi bisa farashi sananne kuma akasarin kuɗin ya zauna a hannunsu. Ka fifita mai shirya tafiyar da ke aiki ta irin wannan hanya.

In an gayyace ka shayi haka kawai, miƙa kuɗi a fili na iya zama cin fuska. Ganyen shayi, 'ya'yan itace, dabino ko batirin tocila sun fi karɓuwa, a miƙa wa uwar gida. In kana son taimakawa da kuɗi, ka sayi abin da ta yi da hannunta, ƙaramin shirdak ko busasshen cukunsu, kada kuma ka tsananta ciniki. Sharar roba da gwangwani ku sauko da abinku, babu motar kwasar shara a can.

In na gaji ko na ji rauni fa?

In gajiya ce, keke ya hau mota, kai ma ka hau. In rauni ne, asibiti mafi kusa na iya zama tafiyar awa uku ko huɗu a kan burji, babban aiki kuma sai Bishkek. Lambar gaggawa 112 ce, inda akwai sabis. Ka sayi inshorar tafiya, ka karanta ta da kyau: ta ambaci keken hawan dutse, ta ambaci tsayin da ya kai mita 4,000, ta kuma haɗa da ɗauko majinyaci da jirgi mai saukar ungulu. Yawancin inshorar da ake saya don neman biza ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin ukun.